Sallau, Maƙerin Sifana na Bolari

Tun muna samari, in ka bi ta Bolari da hantsi za ka tarar da Malam Sallau a gindin dogon yaro, ya shimfiɗa buhu, yana jera kayan aikinsa na gyaran babur. Duk cikinsu babu na kanti. Sifana daga karyayyen sifirin ɗin babbar mota roka, sukudireba daga tsohon gatarin keke, ƙarfen nan na tsakiyar taya, munana ƙwarai, har mukan tsokane shi cewa a juji ya yi gado.

Ɗan maƙera ne daga ƙasar Katsina. Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, babura suka cika Gombe, kowane akawu da nasa, amma kayan gyaran kanti sun fi ƙarfin aljihun Sallau. Sai ya koma ga zuga-zugin ubansa. Ya zaga tashar mota ya tsinto ƙarfe, ya gasa, ya goge da magagari har ya zauna daidai a kan noti.

Ina wurin ranar da Sista Hilda, ungozomar da ke zagaya ƙauyukan wajen Kwami, ta turo babur ɗinta a tsakiyar damina. Magineto, mai ba inji wuta, ya lalace, kuma ya ƙi fita. Wani makanike har ya ɗauko guduma, alhali in sandar injin ta karye, sai an aika Kano, mata masu tsohon ciki kuwa na can suna jira.

"Malam Sallau, in babur ɗin nan ya kwana biyu, akwai matar da ba zan samu da rai ba," in ji ta.

"Zauna, Sista. Kai kuma ajiye gudumar nan, ba icce ake faskarawa ba."

Ya yanko notin tayar roka, ya kai aka yi masa walda da wani dogon ƙarfe mai zare, ya ɗaura a jikin magineton, ya riƙa murɗawa a hankali. Muka ji ƙas! Magineto ya fito lafiya, ya gyara shi ya mayar. Kafin la'asar Sista ta kama hanya, ko sallama ba ta tsaya yi ba.

Kai ne, Sallau mijin Delu, mai mayar da juji kayan aiki. Wallahi ina kewar ƙarar maƙerarka, yanzu da ido ya yi rauni ka naɗe buhu. Yaran da Sista ta karɓi haihuwarsu a wannan damina yau suna da jikoki, kuma ba su taɓa jin sunanka ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Makanikan yau, in abu ya ƙi fita, ku nemi dabara kafin guduma. Ku kuma masu acaɓa, in kun bi ta ƙofar gidansa, ku tsaya ku gaishe shi. Ba zai gane fuskarku ba, amma kafin ku kashe inji zai ce muku sarƙa ta saki.