Takalman Bura

Yayana Salkan baduku ne, kuma tun da nake ban ga mai taurin kai irinsa ba. Shekara hamsin yana ɗinka opanak a shagonsa na bakin hanyar ƙauyenmu Podgrab, takalmin fatar nan namu mai lanƙwasasshen baki wanda yanzu ba mai sa shi sai masu rawar biki. Ni Zejna, ƙanwarsa, ni ke dafa masa abinci tun da matarsa ta rasu, don haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Ɗa guda Allah ya ba shi, Elvedin. Harsashi ya same shi a shekara ta biyu da fara yaƙi, aka rufe shi cikin gaggawa a saman tudu, gindin wani ɓaure. Ba a jima ba sojoji suka binne nakiyoyi a tudun kaf. Da yaƙi ya ƙare aka kewaye wurin da waya da jajayen alluna masu hoton ƙoƙon kai. Shekara talatin, kowace Juma'a Yaya zai taka har bakin wayar, ya yi addu'a daga nesa, ya juyo gida. Ko ciyawa ɗaya bai taɓa cirewa daga kan kabarin ɗansa ba.

Bara da zafi masu tono nakiya suka iso da karnuka biyu. Tudun cike yake da gutsattsarin ƙarfe, na'urarsu kuka take yi a kowane taku, shi ya sa karnuka ne kawai mafita. Ƙa'idarsu kuwa, kowane layi sai karnuka biyu sun shinshina shi ɗaya bayan ɗaya. Sun ci fiye da rabin tudun sai karyar, Bura, ta yanke tafin ƙafa a kan duwatsun nan namu masu kaifi kamar wuƙa. Aiki ya tsaya cak.

Mai kula da ita, wata doguwar mata Slavka, ta zo shan kofi gidanmu. Ta ce raunin zai warke cikin mako guda, amma fatar da za ta fito sabuwa ce, ba za ta jure dutse mai zafi ba. Takalmin roba da aka ba su kuma santsi yake mata, ga gumi. Saura kwana goma sha biyu a tura su wani yanki.

"Yaushe za ku dawo?" in ji Yaya.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Wataƙila shekara uku, wataƙila biyar."

Yaya yana da shekara saba'in da shida. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Kawo min ƙafarta in gani."

Na ce, "Kai? Kai da ko inuwar kare ka gani sai ka sake hanya?"

"Zejna, je ki duba tukunyarki."

Haka mutumin nan ya durƙusa a tsakar gida, ya riƙe ƙafar karya yana aunawa da zare, yana gunaguni. Ya sassaƙa ƙafafun katako guda huɗu, ya ɗauke min kwanon da nake kwaɓin burek, gurasarmu mai nama, ya jiƙa fata a ciki. Kwanon mahaifiyarmu! Na yi faɗa har muryata ta dashe, ko kallona bai yi ba.

Na farko da ya ɗinka ya sa musu ƙasa mai kauri irin na mutane. Bura ta tsaya ƙiƙam, tana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar kaza a cikin ruwa. Slavka ta ce karya sai ta ji ƙasa, yatsunta sai sun buɗe. Ya kwance ya sake, fata shafi ɗaya mai laushi, igiya a saman gaɓa. Sannan ya yi abin da yake yi wa kowane opanak tun yana almajirin sana'a: ya mulke su da kitsen tunkiya, don fata ta daɗe ba ta tsage ba.

Aka gwada a filin makaranta, inda ba komai a ƙasa. Bura ta yi taku shida, ta zauna daram, ta kama cin takalminta na dama. Mazan da ke kallo suka fashe da dariya, ni ma har da riƙe ciki. Slavka ce kawai ba ta yi ba.

"Baba, ka san abin da zamanta yake nufi? In Bura ta zauna, warin nakiya ta ji. In za ta riƙa zama don kitse, ta yaya zan san na gaskiya? Ranar da hankalinta ya koma kan ƙafarta ta tsallake guda, wani zai taka ta. Ba zan hau da ita da wannan ba."

"Fata ba kitse ai ba takalmi ba ce, 'yata. Kwana biyar za ta yi ta tsage."

"Kwana huɗu ya rage mana, Baba."

Ya koma shago ya shinshina fatun da yake da su ɗaya bayan ɗaya. Dukkansu sun sha kitse, wasu tun shekaru. Ya wanke da toka, ya tafasa, warin yana nan. Majemin da ya rage a yankinmu kuwa ya rasu tuni.

Ina tsaye bakin ƙofa da farantin abincinsa na rana sai na ga ya jawo akwatin ƙarƙashin teburi. Na san abin da ke ciki. Fatar ɗan maraƙi ce, jemammiya, ba a taɓa sa mata mai ba. Ya saye ta ne don ya yi wa Elvedin takalmin aure, har ya zana ƙafar yaron a kai da fensir, sai yaƙi ya zo.

Na ce, "Yaya, kar ka yi. Ita kaɗai ta rage maka."

"Me take yi a akwati?"

"To in ba ta yi ba fa?"

"Sai in san na gwada. Riƙe min nan."

Na riƙe, ina kuka kamar sakarya, shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. Fatar ta bushe da daɗewa, sai da ya jiƙa ta ya murza ta a gwiwarsa har ta saki. Ya yanka da'ira huɗu, biyu daga cikinsu a tsakiyar zanen ƙafar ɗansa.

Washegari Bura ta shinshina takalman sau ɗaya, ta ɗauke kai, ta kama aikinta. Kwana uku tana hawa tudun da sassafe, Yaya na zaune bakin waya da basilla da zare, duk saukowarta sai ya duba ɗinki. Sau bakwai ta zauna, sau bakwai aka tono nakiya, ta ƙarshe taku goma daga gindin ɓauren. Ranar da za su tafi suka ja farar igiya gefe biyu, hanya mai faɗin mutum ɗaya, tun daga waya har saman.

Juma'a ce. Slavka da Bura suka wuce gaba, Yaya na bin su, ni a baya ina haki da zagin gwiwoyina. Ɓauren ya yi girma har ban gane shi ba. Allon katakon da muka kafa ya ruɓe tuni, sai duwatsun da muka jera. Yaya ya durƙusa ya fara cire ciyawa da hannu.

Slavka ta kwance takalman Bura ta miƙa masa. Har sun fara tsagewa, kamar yadda ya faɗa. Ya jujjuya ɗaya, ga layin fensir nan a ciki bai goge ba. Ya ɗora su a kan duwatsun.

"Elvedin," ya ce, "ga takalminka. Na makara, amma na kawo."