Pipaluk Tsakanin Nuuk da Reykjavik

Pipaluk ta yi rabin rayuwarta tana gyaran kifi a kasuwar bakin teku ta Nuuk, kuma garin bai taɓa yi mata kaɗan ba sai da 'yarta tilo, Nivikka, ta auri wani makanike ɗan Iceland ya tafi da ita Reykjavik.

"Haba Inna, awa uku ce fa a jirgi," in ji Nivikka ranar tafiya. "Kafin miyarki ta huce kin iso."

Da haihuwar Nivikka ta matso, Pipaluk ta cika akwati da busasshen kifi ta nufi filin jirgi. Hazo ya taso daga teku ya rufe komai. Jirgi bai tashi ba, washegari ma haka. Tana ta safa da marwa gaban taga aka kira ta a waya: an sauka lafiya, mace ce, sunanta Sunna. Ta yi murna, sannan ta shige banɗaki ta sha kuka.

Tun daga nan zama ya gagare ta. In tana Nuuk, da ta ji rugugin jirgi sai ta ajiye wuƙa ta ɗaga kai. In ta je Reykjavik kuwa, mako ba ya cika sai ta fara tsegumi: kifinsu salam, tekunsu ba ƙanƙara, mutanensu ba sa tsayawa gaisuwa.

"Uwar Nivikka," in ji mijinta Jokum, "su ba ki aiki a jirgin mana, ki riƙa raba wa mutane shayi. Ko banza can ne gidanki."

"Kai da ko tsani ba ka iya hawa? Rufe mini baki!"

Bayan rasuwar Jokum, Nivikka ta matsa mata ta dawo wurinsu gaba ɗaya. Pipaluk ta kulle gida ta tafi. Hunturu guda ta iya yi. Kullum tana bakin tashar jiragen ruwa tana leƙa kwandunan masunta, ba mai jin yarenta. Da rana ta fara tsawo ta ce musu kabarin tsohon nan na bukatar shara, ta koma.

Bara, da Sunna ta isa shiga jirgi ita kaɗai, aka turo ta hutu. Pipaluk ta rungume ta har yarinyar ta yi ƙara. Ta kai ta kasuwa, ta koya mata riƙe wuƙa, tana nuna ta ga kowa.

Amma tun a daren farko ta kira Nivikka.

"Ranar da za ta koma, akwai sauran kujera?"

"Inna! Yanzu fa ta sauka!"

"Na sani. Ke dai duba mini, ta kusa da taga."