Ragon Suna da Zauruka Huɗu

A shekarar da Allah Ya ba ni jika ta fari, ragon da na tanada domin sunanta ya tsinke igiya ya bar gida. Na yi salati, sannan na ɗauki talho.

A da, mu masu kiwo na ƙasar Gaya zaure guda muke da shi a yanar gizo, inda ake cigiyar dabbobi. Sai saɓani ya shiga: wasu suka ce gaisuwar Juma'a ta yi yawa, wasu suka ce Dendanci ya danne Hausa. Aka rabu huɗu, kowane zaure da gidansa da mai tsaronsa, babu mai jin abin da ake faɗa a na kusa. Na shiga uku. Na huɗun kuwa na ƙaurace masa, domin mai tsaronsa abokin karatuna ne, wani malami a bayan layinmu, wanda ya taɓa cewa saƙona na murya ya fi huɗuba tsawo.

Na siffanta ragon: fari, mai ƙaho, mai taurin kai. Ashe rabin ragunan jihar Dosso na siffanta. Mutanen Bengu suka aiko da ɗaya a kan moto, na Tunuga da ɗaya a kwalekwale, na uku ya iso a bayan motar albasa. Kowanne a sauke shi a tafi ina tsakiyar godiya. Babu nawa a cikinsu. Hukuncin tsintuwa kuwa a fili yake: ka ciyar, ka yi cigiya, wuƙa ba taka ba ce.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, suna za mu yi, ko makarantar raguna ka buɗe?"

Safiyar suna jama'a suka taru, ga raguna uku, babu abin yankawa. Abokin karatun nan nawa ya zauna kusa da ni yana huci.

Ya ce, "Alaramma, sa ni a addu'a. Wani rago marar tarbiyya ya cinye mini harawa, ya soma tabarmar salla. Ina ta cigiya a zaurena, babu mai shi."

Na ce, "Fari ne?"

"Fari."

"Da taurin kai?"

"Kamar a gabanka ya yi karatu."

Aka jawo shi, aka yanka, yarinya ta sami suna.

Da yamma na shiga zaure na huɗu domin cigiyar sauran ukun. Ina cikin gabatarwa, ban kai ga ragunan ba, abokin nawa ya fitar da ni.