Basirat da layin baya

A aikina na malamar ba da shawara a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata a Fagge, akwai ranar da ta ƙi fita daga raina: Alhamis ɗin da na ruga ofishin mataimakin shugaba da gudu, ni da girmana.

Ƙa'idarmu ita ce, ɗalibar da ta karɓi takardar gargaɗi uku, kwamitin ladabtarwa zai zauna a kanta, kuma yawanci kora ce. Basirat, 'yar aji biyu, ta karɓi ta ukun. Laifinta kullum ɗaya ne: fizge littafin ta kusa da ita ana tsakiyar darasi, daga nan sai dambe. Mahaifiyarta, Alhaja, mai sayar da kwanuka a kasuwar Sabon Gari, ta zo makaranta har ta gaji.

Na roƙi Malam Bukar, mataimakin shugaba, ya ba ni mako guda. Ya ce, "Malama, ke dai ba kya gajiya. Mako ɗaya, ba ƙari."

Aikina a nan ba wa'azi ba ne. Zama nake a aji ina rubuta abin da ya faru kafin rigima, da abin da ya biyo baya. A makarantarmu bisa tsawo ake zaunar da yara, dogaye a baya, Basirat kuwa ta fi kowa tsawo. Kwana uku ina lura. Idan tambayar baki ce, ita ke fara ɗaga hannu. Amma da malami ya juya ga allo ya ce a kwafa, sai ta kai wa littafin ta kusa da ita cafka.

Ranar Alhamis na karɓi alli na rubuta a allo: "Basirat, taso ki karɓi kyauta." Aji ya juya gaba ɗaya yana kallonta. Ita ko gezau. Can ta harzuƙa ta ce, "Me kuma na yi kuke kallona?"

Na kamo hannunta muna matsowa kusa da allo, sai da muka zo layi na biyu ta karanta, ta yi dariya. Ashe duk fizgen nan kwafa take son yi! Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Malama, na ɗauka kowa haka yake ganin allo."

Ban san lokacin da na isa ofis ba, ina haki. "Malam, yarinyar nan ba ta gani daga nesa!" Malam Bukar ya ajiye biro ya ce, "Mu da muka tura ta baya da hannunmu."

A ranar aka dawo da ita gaba, aka soke zaman kwamiti. Alhaja ta kai ta asibitin ido, aka ba ta tabarau. Kaifin bakin nan nata dai yana nan, ba a yi masa magani ba, amma dambe ya ƙare.

Murnata ba ta hana ni jin kunya ba. Malamai bakwai muna shiga ajin nan, kowa ya rubuta abin da Basirat ta yi, babu wanda ya tambayi kansa a wane lokaci take yi. Shi ya sa nake gaya wa sababbin malamai: kafin ku sa hannu a takardar gargaɗi, ku je ku zauna inda yarinyar take zama.