Yatsu Biyu a Ƙarƙashin Ido

Shekara goma sha ɗaya Mai Guga ta yi a ɗakin wanki na asibiti, cikin tururi da warin sabulu, tana goge zannuwan gadon da wasu suka warke a kai, wasu suka cika. Ba ta da surutu. Abokan aiki har tsokanarta suke yi, wai ranar da dutsen guga ya yi magana ita ma za ta yi. Abin da kowa ya sani, kowa kuma ya kau da kai, shi ne mijinta na da saurin hannu.

Ranar da hannunta ya yi ta rawa har ta ƙona zanin gado, wata nas ta ja ta bayan injin wanki ta koya mata wata dabara. Yatsu biyu za ta haɗa ta riƙa ƙwanƙwasa gira a hankali, sai gefen ido, ƙarƙashin ido, haɓa, ta sauka ƙirji, tana cewa, "Duk da ina jin tsoro, na yarda da kaina."

"Yaya, wannan don zuciyarki ta lafa ne kawai," in ji nas ɗin. "In ta lafa, ki kwashi yarinyarki ku tafi wurin 'yan'uwanki."

Mai Guga ta ɗauki rabin maganar, ta bar rabi a bayan injin.

Abin haushin, ita dai ta ji sauƙi. Hannu ya daina rawa. Kullum da yamma, da ta ji ƙarar babur ɗin mijinta a bakin layi, sai ta shige kicin ta ƙwanƙwasa har numfashi ya daidaita, ta fito ta yi masa sannu da zuwa. In ta wayi gari da kumburi a ƙarƙashin ido, amsa ma ta samu.

"Ni ce na cika ƙwanƙwasawa," take cewa, a yi dariyar yaƙe a wuce. Haka aka ci shekara biyu, ba ta je ko'ina ba.

Wata yamma tana yanka albasa babur ya yi ƙara. Ta ajiye wuƙa, ta juya, sai ga 'yarta mai shekara shida a tsugune bayan buhun gawayi, ido a rufe, yatsu biyu suna bugun kumatu.

"Duk da ina jin tsoro," yarinyar take raɗawa, "na yarda da kaina."

Ba wanda ya koya mata. Mai Guga ta ji kamar an ɗora mata dutsen guga a ƙirji. Ta tuna ɗaya rabin maganar nas, ta dubi ƙofar baya, amma tuni an kashe babur a ƙofar gida, ga takun takalmi yana matsowa.

Ta durƙusa, ta kama ɗan hannun, ta matsar da yatsun sama kaɗan.

"Ba nan ba, 'yata," ta ce. "Nan, ƙarƙashin ido."