Rubutun Baba a Gindin Kwamfuta

Kyauta ce ta ja mini. Wata safiya a ɗakina na Zariya kwamfutata ta fito da saƙo daga kamfanin da ya ƙera ta, wai akwai sabon tsari, kyauta ga duk mai lasisi na asali. Ni kuwa da na ji kyauta hankalina kan tafi kiwo. Dogon sharaɗin da suka jero ban karanta ko layi ɗaya ba, na danna na yarda.

Aiki ya kai rabi sai ta tsaya cak, tana neman lambar lasisi. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Ga shi kuma a cikinta muryar Baba take. Shekarar da zai rasu na zaunar da shi a zaurensa na Tibiri yana ba ni labarin kakanninmu, na ɗauka duka. Kullum ina cewa gobe zan kwafe, goben ba ta zo ba.

Na saɓe ta sai Sabon Gari wurin mai gyara, wani dogo mai ƙarancin magana. Ya duba, ya taɓe baki.

"Malam, kyautar tasu injin ta ka bi, ba mutum ba. Lambar tana nan bisa 'yar takardar da suka manna mata a gindi. In babu ta, sai dai in wanke ta tas in zuba wani."

"Abin da ke ciki fa?"

"Shi tahi."

Ya kifa ta. Na san abin da za mu gani. Ranar da na sayo ta na kai wa Baba ya sa albarka. Ya ɗauko alƙalami da tawada ya rubuta addu'ar tsari a 'yar takarda, ya shafa ƙaro, ya nemi wurin da ido ba ya kaiwa ya liƙa. Daidai kan takardar kamfanin ya liƙa ta. Duk rubutunsa a allo yake yi a wanke, wannan kaɗai ya rage mana.

Mai gyara ya sa farce zai ɓanɓare, na riƙe hannunsa da ƙarfin da ya sa ya dube ni. Na ba shi haƙuri, na hau mota zuwa Tibiri, don wannan ba hukuncina ba ne ni kaɗai.

Na tarar da Inna tana tsintar shinkafa. Na yi mata bayani ina in-ina: ko rubutun, ko muryar. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Kai da shegen son banza," ta ce. "Mi tsohon tsarin yay yi maka?"

Ta aike ni in ɗebo ruwan ɗumi a kwanon shan Baba, ta ce in cire batir. Ta tsoma auduga tana dannawa a hankali, tana matsewa cikin kwanon. Ina tsaye ina kallon haruffan Baba suna narkewa ɗaya bayan ɗaya, ina tsoron kada ruwa ya shiga injin, ina tsoron kada lambar ta bi takardar ta tafi. Ƙaron ya saki. Lambar ta fito, ta koɗe amma tana karantuwa.

Na mayar da batir, na shigar da ita. Kwamfutar ta yi ta juya ɗan zobenta har na fara cire rai, sannan ta buɗe. Na lalubo wurin da muryar take, na danna. Baba ya yi gyaran murya, ya ce, "To, kana jina ko?"

Inna ba ta ɗago ba. Ta ɗauki kwanon da ruwansa ya yi baƙi, ta yi bisimilla ta sha rabi, ta miƙo mini sauran.

"Shanye," ta ce. "Dama rubutunshi na sha ne."