Shafin Ƙarshe na Littafin Kakanmu

Ana sallame asuba muka tashi daga Kano, ni da kawuna, muka nufi Alƙahira neman littafi ƙwaya ɗaya. Tsohon littafin dokokin Turawan mulki ne, wanda wani Joji Bature ya ba kakanmu yana magatakardan kotu. Kawu ya tafi da shi karatu Masar yana saurayi, ya dawo hannu rabbana, ya ce abokin ɗakinsa ne ya sace. Shekara talatin ke nan ba sa gaisawa, alhali masallacinsu ɗaya. Sai bana wani ɗalibi ya hango littafin a shagon tsofaffin littattafai, ya turo mana hoto.

A unguwar Abbasiya muka sauka wajen ɗalibin. Direbobin garin nan da hon suke tuƙi, birki sai dole. Aka kawo kushari, shinkafa da taliya da wake a kwano guda, kamar mai girkin ta rasa wanda za ta zaɓa. Fam biyar ne na kuɗin Masar, na kuwa ƙoshi har magariba. Kawu dai tun cikin jirgi yake cewa ƙila ba littafin ba ne, mu haƙura. Na ɗauka gajiya ce.

Washegari jirgin ƙasa na metro ya kai mu Wustul Balad, tsakiyar birnin. Dattijon mai shagon sai da ya ɗura mana shayi kafin ya sauko da littafin. A shafin farko ga sa hannun Baturen, ƙasansa ga sunan kakanmu da ajami. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Dattijon ya ce mahaifinsa ba ya sayen littafi sai mai shi ya rubuta a shafin ƙarshe cewa da yardarsa ya sayar. Ya buɗe. Rubutun Kawu ne ɓaro-ɓaro.

“Kawu, wannan fa?”

“Ɗana, sanyi aka yi shekarar, ba ni da bargo.”

Dattijon ya ce ma’alish, wato a yi haƙuri, amma ko fam ɗaya bai rage ba.

Muna sauka Kano, Kawu ya ce a zarce gidan abokin nasa. Ya tsaya a zaure da littafin, ya kasa ɗaga kai. Tsohon ya dube shi, ya yi dariya.

“Ai na sani tun ranar. Ba tare muka rufa da bargon ba?”

Na je ne neman tarihin kakanmu, na dawo ina jin kunyar tsohon nan da aka hana mu gaisarwa tun muna yara. Yanzu duk littafin da na ɗauka, ta baya nake fara buɗewa.